Jar Motar Malar

Talata, 15 ga Yuli, da safe

Yau na buɗe gareji. Matata Ponni ce ta koro ni daga asibiti. Ta ce kai-komon da nake yi a baranda yana sa mata jiri, in je in nemi abin yi. Mutum ɗaya suke bari ya shiga wurin 'yarmu Malar, shi ma na ɗan lokaci, kuma ba ni da bakin ja da uwa a kan wannan.

Komai yana inda 'yata ta bar shi. Kofinta na ƙarfe yana kan teburin walda, gahawa ta bushe a gindinsa. Motar tana ɗore a kan kututturan katako, ba taya, ba sitiyari.

Ina ƙarami mahaifina ya ɗora ni a wuya a tsohon filin jirgin sama na bayan Coimbatore, ranar tsere, na ga wata jar mota ƙirar Italiya, doguwa siririya kamar kifi, kujera ɗaya tal, wani mai masaƙa yana tuƙa ta. Na ba Malar labarin nan har ya ishe ta. Da ta gama karatun injiniya ta ce, "Appa," haka take kirana, "ko dai ka daina ba ni labarin motar nan, ko kuwa mu ƙera ta." Ita ta zana, ita ta yi waldar ƙarafan ciki. Ni na buga bodin da guduma, alminiyam falle-falle, don shi ne aikina tun ina saurayi. Injin kuwa daga wurin 'yan gwangwan muka ciro shi, mai silinda shida. Shekara huɗu ke nan.

Ban taɓa komai ba. Shara kawai na yi. Iskar Aadi, watan iska mai ƙarfi a nan, ta fara, kwanon rufi sai ƙara yake.

Likita ya ce mu jira.

Laraba, 16 ga Yuli, da yamma

Mu jira.

Juma'a, 18 ga Yuli, tsakar rana

Wani ɗan sanda ya zo a kan keke da buhu a bayansa. Ya tambaya ko ni ne Velliangiri. Ya ce kayan da aka tsinta a bakin titin Pollachi ne, sun gama da su. Mutumin kirki ne, ya cire hularsa kafin ya miƙo mini.

Sitiyarin ne. Wanda Malar ta je karɓowa wurin kafinta a kan babur ranar Alhamis ɗin nan da ta yi hatsari. Katakon tik ne, an goge shi yana ƙyalli, da ƙusoshin tagulla kewaye. Ta naɗe shi da tsohon zanen uwarta, ta ɗaure da igiya irin ɗaurinta, ƙulli biyu. Na juya shi gaba da baya a hasken ƙofa. Ko ƙwarzane ɗaya babu. Ko ɗaya.

Ɗan sandan ya ce akwai hular kwano ma a ofis, in ina so. Na ce masa ya sha gahawa kafin ya tafi.

Lahadi, 20 ga Yuli, da hantsi

Chinnu ya zo, ƙanen Ponni, tsohon ɗan tasi. Tun daga titi yake ihu kamar yadda ya saba, yana kirana Macan, wato mijin yaya.

"Macan! Har yanzu tulun nan naka bai koyi tafiya ba?"

"Tulu yana jikinka," na ce, "ga shi nan ya riga ka shigowa."

Ya shafa tumbinsa ya yi dariya, ni ma na yi. Dariyar ta tsaya mana a tsakiya, kowa ya kau da kai.

Ya ajiye mini idli, wainar shinkafa, a ganyen ayaba. Ya ce mutanen ƙungiyar tsoffin motoci sun kira shi. Malar ta kama mana wuri a filin jirgin, Lahadi goma ga Agusta, don gwajin farko. Suna tambaya, cikin ladabi, ko a soke.

Na ce kada a soke.

"Wa zai tuƙa?"

Na ce tukuna.

Ya leƙa cikin motar. A kan jikinta aka auna kujerar. Malar gajeriya ce kamar uwarta, har a wurin aiki sai ta hau akwati kafin ta kai kan injin huda ƙarfe. Ta zauna a ciki na auna tsawon ƙafarta zuwa birki, na huda, na ɗaure. Chinnu ya ce ko ƙafarsa ɗaya ba za ta shiga nan ba. Ya ce sai an mayar da kujerar baya.

Na ce masa idlin ya yi sanyi.

Talata, 22 ga Yuli, da yamma

Na shiga wurin Malar. Sun aske mata gefen kai. Ba zan rubuta sauran ba.

Na'urar numfashi tana hura iska tana saki, tana hura tana saki. Kunnen makanike ba ya hutawa. Na tsinci kaina ina sauraro ko akwai inda take yoyo.

Na riƙe hannunta. Ƙunar walda da ta yi a babban yatsa watan jiya ta warke sarai. Jikin yana aikinsa ke nan. Na nuna wa nas, ta yi murmushi.

A baranda Ponni ta kama hannuna ta shinshina.

"Baƙin mai."

"Ke kika ce in nemi abin yi."

"Ban ce ka koma wurin abin nan ba. Ka shigar mata da warinsa har kan gado, Baban Malar. Bai ishe ka ba?"

Mutane suna kallonmu. Ta saki hannun, ta gyara zanenta, ta tambaye ni ko na biya mai madara. Na ce na biya. Ta koma ta zauna a tabarmarta gindin bango, inda take kwana tun ranar farko.

Alhamis, 24 ga Yuli

Alhamis. Ban fita ba.

Asabar, 26 ga Yuli, da yamma

Na ɗaura sitiyarin. Ya zauna daram, kamar da shi aka haife ta.

Akwai abin da nake so in rubuta, in ga yadda zai kasance a takarda. Malar tana fito in tana aiki. Ba waƙa ba ce, sauti biyu ne kawai, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ta haƙora. Uwarta ta yi faɗa har ta gaji, wai mace ba ta fito. Yau ina kwance ƙarƙashin mota ina ɗaure bututun birki, na ji shi. Sama, ƙasa. Daga bayan motar, inda take tsayawa.

Ban motsa ba. Na kira ta da sunan lelenta na ce, "Kannu, miƙo mini sufana sha uku."

Da na fito na ga ƙofar baya a buɗe, iska tana shiga bakin salansa. To, shi ne. Na samu tsumma na toshe bakin, na rufe ƙofa, na koma ƙarƙashi.

Sama, ƙasa.

Ban ji tsoro ba. Abin da ya dame ni daban ne. Tana can asibiti hawa na uku, ana hura mata iska, da ranta. Mai rai ba ya yi wa mutum haka. In ita ce nan, to wace ce can?

Lahadi, 27 ga Yuli, da safe

Na je haikalin Murugan, abin bautarmu, da sassafe, na fasa kwakwa. Da limamin haikalin ya tambayi sunan da za a yi wa addu'a, na faɗa, ya tambayi me ake roƙo. Na tsaya. Na baya suna turo ni. Ya shafa mini toka a goshi ya ce in wuce.

Talata, 29 ga Yuli, tsakar rana

Injin ya tashi.

Da farko tari ya yi ta yi, ya tofar da wuta ta kafireto, ya mutu. Na sauya fulogi biyu da na ɗaura a karkace. Chinnu yana riƙe da bokitin yashi, yana cewa in garejin ya kama wuta shi dai ba ya nan. A karo na gaba injin ya kama. Ban san yadda zan rubuta ƙarar ba. Kwanon rufi ya ɗauka, sufanu suka yi ta rawa a jikin bango, tattabarun maƙwabci suka watse. Masu ɗinkin buhu na tsallaken titi suka fito suna toshe kunne suna dariya. Ita ce ƙarar da na ji a wuyan mahaifina, ba ta ragu da komai ba.

Na juya dama in ce wa Malar, kin ji?

Chinnu ya ga juyawar. Ya sunkuya yana gyara bokitin da ba abin da ya same shi.

Alhamis, 31 ga Yuli, da yamma

Babban likita ya kira mu ni da Ponni, mu biyu tare, wani ƙaramin ɗaki mai kujeru masu taushi da fanka. Ba a taɓa ba mu kujera mai taushi a asibitin nan ba. Ya yi magana a hankali. Ya nuna hotuna a jikin haske. Yana ta juya biro a yatsunsa. Ya ce na'urar ce kawai take riƙe da ita, mu za mu ce a cire ko a bari. Ya ce ba gaggawa, mu yi shawara a gida.

Ponni ta yi masa godiya.

A bas ban sauka a tasharmu ba, sai da kwandasta ya taɓa ni a ƙarshen layi.

Asabar, 2 ga Agusta, da hantsi

Na yi faɗa da Chinnu. Ya zo da injin huda ƙarfe a hannu, ya ce minti kaɗan ne, sababbin ramuka huɗu, kujera ta koma baya, in samu in zauna kamar mutum.

Na ce ya ajiye.

"Macan, ka gwada shiga jiya na gani. Gwiwarka tana taɓa kunnenka. Haka za ka taka birki?"

"In ta tashi fa? In ta zo ta tarar an taɓa mata kujera?"

Ya ce, "Yayata ta gaya mini abin da likita ya ce."

Na ce masa ya fita. Na faɗi wasu maganganu a kan tumbinsa da zaman banzansa waɗanda ba wasa ba ne. Ya naɗe wayar injinsa a hankali ya fita. Daga ƙofa ya ce gobe zai kawo tayoyi daga wurin mai faci.

Lahadi, 3 ga Agusta, da yamma

Ponni ta zo gareji.

Shekara huɗu, tsakar gida kawai ke tsakaninmu, ba ta taɓa tako ƙofar nan ba. Abinci ma a bakin ƙofa take ajiyewa ta ƙwala kira. Yau tsakar rana na ɗaga kai na gan ta tsaye, da jakar kayan wankin asibiti a hannu. Ta rame. Ban lura ba sai da na gan ta a hasken nan.

Ta zagaya motar ba ta taɓa ba. Ta tsaya wajen kujera.

"Nan take zama?"

Na ce nan.

Ta ajiye jakar, ta cire takalmi, ta tattare zane, ta dafa kafaɗata ta shiga. Ƙafarta ta kai birki daidai. Ta ɗora hannu biyu a sitiyari. Ta baya, in ban da furfura, sai ka ce Malar.

Ta daɗe a haka. Ta ce, "Ina yi mata faɗa a kan aure, sai ta ce, Mama, bari mu gama motar. Komai, bari mu gama motar." Ta shafa katakon da babban yatsa. "Tayar da shi in ji."

Na tayar. Ba ta toshe kunne ba. Motar tana karkarwa, ita ma tana karkarwa tare da ita, hawaye yana zuba ba ta share ba. Da na kashe ta ce, "Ashe haka take."

Na taimaka mata ta fito. Tana sa takalmi, ba ta dube ni ba, ta ce, "Yaushe ne gwajin?"

"Lahadi mai zuwa."

"To. Likita yana jiran amsarmu. Mu ba shi bayan Lahadi."

Ta ɗauki jakarta ta tafi kama bas.

Talata, 5 ga Agusta, da safe

Lagireto yana yoyo, ina jin. Na kwance shi gaba ɗaya.

Laraba, 6 ga Agusta, da yamma

Birkin baya bai kwanta mini ba. Na kwance. Wayoyin wuta ma ban yarda da su ba. Irin wannan aiki ba a yi masa gaggawa. In aka ɗaga gwajin zuwa watan gobe ba wanda zai mutu.

Na karanta abin da na rubuta yanzu.

Alhamis, 7 ga Agusta, tsakar rana

Chinnu ya tarar da ni zaune a tsakiyar kayan da na warwatsa. Ya ɗauki lagireton, ya toshe ƙasansa, ya cika shi da ruwa, ya ɗaga sama muna kallo. Ko ɗigo.

Ya cire rigarsa ya rataye, ya durƙusa da ƙyar yana nishi, ya fara mayar da birkin. Bai iya ba, a juye yake sa shi. Na kalle shi yana ɓata mini aiki har na kasa daurewa.

"Kauce, ɗan tasi. Za ka kashe ni."

"Da ma so nake in gaji tulun," ya ce, ya miƙo mini sufana.

Mun gama kafin rana ta faɗi. Kujerar kuwa ba mu huda komai ba. Ya zare katifar bayanta, na cire takalmi, na shiga a tanƙware. Gwiwoyina suna gefen sitiyari, amma ƙafa tana kai birki.

Yau ban ji fiton ba. Na kashe fanka na saurara. Ban ji ba. Wannan ya fi jin sa muni.

Asabar, 9 ga Agusta

Gobe.

Lahadi, 10 ga Agusta, da yamma

Mun ɗora ta a bayan motar ɗaukar kwakwa ta abokin Chinnu. Ponni ta zauna gaba. Ta ce ƙanwarta za ta zauna da Malar har mu dawo.

Filin yana nan yadda na san shi, sai dai ciyawa ta fasa kwaltar a wurare. An jera tsoffin tayoyi an yi kwana. Iska kamar za ta ɗauke mutum. Mutanen ƙungiyar suka kewaye motar, tsofaffi masu farin gashin baki, suna leƙa ƙarƙashi. Wani ya bi layin walda da yatsa ya ce wa ya yi wannan? Na ce 'yata. Ya ce tana ina? Wani ya ja shi gefe.

Ponni ta fito da lemun tsami huɗu daga ƙullin zanenta, ta sa ɗaya a gaban kowace taya, ta ɗiga jan gari a hancin motar. Ban san ta zo da su ba.

Mai tuta ya ce zagaye uku, a hankali, in dawo a duba. Na ce to. Na taka lemun, na fita.

Zagayen farko ina jin kowane noti da na ɗaura, ina jiran wanda zai saki. Giya ta uku tana da taurin shiga. In na taka birki tana ɗan ja hagu. A na biyu na ƙara mata wuta a miƙaƙƙen layi, sai ta kwantar da kai ta tafi. Ta tafi fa. Iska tana dukan fuskata, idona yana ruwa, ciyawa ta zama kore ɗaya a gefe. Shekara sittin da uku, ban taɓa gudu irin wannan ba. Na ji ina ihu, ban san me nake cewa ba.

Na uku ya cika, mai tuta ya kaɗa. Na gan shi sarai. Na ga Ponni a bayansa, ƙarama, iska tana jan zanenta. Na san abin da yake bayan tutar nan. In na tsaya, Lahadi ta ƙare.

Na wuce.

Ya sake kaɗawa, na sake wucewa. Chinnu ya shigo gefen kwalta yana ɗaga hannu biyu, na kauce masa. Ƙafata ta mutu, bayana kamar ana soka ƙusa. Ban ƙirga ba. Na yi ta zagayawa ina kallon allurar zafi, tana tsaye inda Malar ta ce za ta tsaya. Can a ƙarshen fili, nesa da kowa, injin ya yi tari, ya sake yi, mai ya ƙare. Ta gangara a hankali ta tsaya da kanta.

Shiru. Sai ƙarfe yana ƙas-ƙas yana hucewa.

Na zauna. Ba wanda ya biyo ni da mota. Daga baya Chinnu ya ce Ponni ce ta hana. Na hango ta tana tahowa a ƙasa, ita kaɗai, tsawon filin nan duka, tana tafe tana riƙe zane. Ta daɗe kafin ta iso. Na yi zaton za ta yi faɗa.

Ta tsaya tana haki. Ta kwance mini igiyar hular kwano da hannunta, ta cire, ta share mini fuska da bakin zanenta.

"Ta yi kyau?" ta ce.

"Ta yi."

"To ya isa, Baban Malar. Fito."

Ban iya fitowa ba, ƙafafuna sun ƙi. Sai da ta sa hannu a hammatata ta ja.

Litinin, 11 ga Agusta, da hantsi

Sun bar mu mu biyu mun shiga wurin Malar.

Na gaya mata duka, yadda za ta so a gaya mata. Giya ta uku. Birkin da ke ja hagu, da abin da nake zaton ya jawo. Zafi bai hau ba, lissafinta daidai ne, nawa ne ba daidai ba, da na ce lagireton ya yi ƙarami. Na gaya mata abin da tsohon nan ya ce a kan waldarta. Na gaya mata uwarta ta shiga kujerarta, kuma kawunta ya sa birki a juye.

Ponni ta taje mata gashin da ya rage, ta sa mata furen yasmin.

Da na rasa abin ƙarawa na sake farowa daga giya ta uku. Ponni ta bar ni na kai ƙarshe. Sannan ta leƙa waje ta ce wa nas a kira likita.

Juma'a, 15 ga Agusta, da yamma

Gida cike da mutane. Kowa yana tambayata ko na ci abinci.

Ɗazu gwaggon Ponni, wadda ta zo daga ƙauye, tana zaune a tsakar gida cikin mata tana kuka da ƙarfi. Tana cewa yarinya ta tafi haka nan, ba miji, ba ɗa, ba ta bar komai a duniya da za a nuna a ce nata ne ba. Wasu suna taya ta.

Ponni tana rabon gahawa. Ta ajiye tiren a ƙasa. Ta zo inda nake zaune ta miƙo hannu, ban gane ba, sai ta zura hannun a aljihun rigata ta ciro makullin gareji.

"Taso, Gwaggo," ta ce. "Ku ma ku taso. Ku zo ku gani."

Tsohuwar ta ce ina? Ponni ta riga ta kama hannunta. Matan suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, suna duban juna, suka bi ta suka tsallaka tsakar gida.

Ni ban tashi ba. Daga nan na ji ta tana kokawa da kwaɗon, don yana da wuyar sha'ani, sai an ɗaga shi sama kaɗan. Na buɗe baki in gaya mata. Kafin in yi magana ya buɗe.